Ruwa Ya Cika, Kifi Ya Yi Wuya: Tafiyar Kifi da Kasuwar Mubi

Daga Mubi zuwa bakin teku mafi kusa akwai kimanin kilomita 800, a miƙe ke nan, ban da kwana-kwanar titi. Da yawa daga mutanen garin har su koma ga Allah ba za su ga teku da idonsu ba. Amma wanda ya ratsa layin masu kifi a babbar kasuwa da hantsi zai tarar teku ta riga shi zuwa. Ga titus da shawa da kote an farke kwalayensu, ƙanƙara na narkewa tana ɗiga ƙarƙashin tebur. Gefe ga banda baƙi ƙirin an kasa shi kashi-kashi, ƙamshin hayaƙi na tashi. Can kuma ga tarwaɗa mai rai tana mutsu-mutsu a baho, yaro na korar ƙuda da reshen darbejiya.

A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, nan ne ciniki ke zafi. Mai saye ta ɗaga kashin banda ta juya shi, ta ce, “Haba Malam, wannan ɗan abin ne na dubu?” Amsar da ake ba ta kusan guda ce a kowane tebur: “Hajiya, ba daga mu ba ne, ruwa ne ya cika.” Wanda bai san sha'anin su ba sai ya ɗauka wayon ɗan kasuwa ne, don hankali na cewa in ruwa ya yi yawa kifi ma ya yi yawa. To mai banda gaskiya ya faɗa. Kifi matafiyi ne, yana da watan fita da watan dawowa, kuma farashin da ake ja-in-ja a kansa a Mubi yana bin sawun wannan tafiya ne, ko ta kogi ko ta tafki ko ta teku.

Allah ya ajiye Mubi a tsakanin ruwa biyu. Kogin Yedzaram da ya ratsa garin yana fitowa daga duwatsun Mandara, ya nausa arewa ta Uba, ya shiga Sambisa, ya wuce Bama, ya bazu a ƙasar firki ta wajen Dikwa a kan hanyar Tafkin Chadi. Ana yin kudu kaɗan kuwa sai rafuka su juya wa Chadi baya: Kilange da Tiyel Binuwai suke gangarawa, shi kuma ya haɗu da Neja a Lokoja su tafi teku tare. Yedzaram kansa da rani yashi ne da 'yan gurabe, inda masu lambu ke kafa injin ban-ruwa. Kifinsa bai isa ya ciyar da gari mai girman Mubi ba. Saboda haka garin mai saye ne. Yana ci daga Binuwai da tafkin Lagdo na Kamaru, yana ci daga Chadi, yana ci daga teku, kuma duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan sai an ji shi a tukunyar miya a Lokuwa da Yelwa da Wuro Patuji.

A fara da kogi, don shi ne ya fi kusa. Da rani kifin Binuwai yana tattaruwa a wurare masu zurfi, abinci ya yi ƙaranci, girma ya tsaya. Tun kafin ruwan farko ya sauka, cikin matan ya riga ya cika da ƙwai, jira kawai suke. Da zarar jan ruwa ya fara gangarowa a Yuni zuwa Yuli, kogi ya soma hawa gaɓa, sai tafiya ta tashi. Wasu, irin su shemani da faliya da kawara, sukan bi kogi su yi sama garke-garke. Wasu kuma gefe suke yi, su bi ƙananan hanyoyin ruwa su fantsama cikin fadama. Tarwaɗa takan shiga ciyawar da ruwa ya shanye jiya-jiya, inda bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai da dare, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu sun ƙyanƙyashe. Bargi yakan share fili a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa ya tsaya gadi. Yauni na sa sheƙar a kan ruwa take yawo. Karfasa kuwa uwar ce ke riƙe ƙwai a baki, ba ci ba sha, har 'ya'yan su iya iyo.

Abin da ke jan su fadama abinci ne da mafaka. Duk kashin shanun da aka bari da rani, da ruɓaɓɓen haki, da tururuwa da gara da ruwa ya ci gidajensu, suna narkewa cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi, sai ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi ta hayayyafa, su ne abincin farko na ɗan kifi. Ciyawa kuma na ɓoye shi daga tsage da giwan ruwa. A cikin wata uku ko huɗun nan kifi ke yin mafi yawan girman da zai yi a shekara. Makiyayan ƙasar Mubi sun san irin wannan lissafi, tunda su ma suna kora shanu ne zuwa inda ciyawa ta fito, su dawo in ta ƙare.

Masu kiwon tarwaɗa a tankin siminti da tamfol sun fi kowa shaida cewa ambaliya ce ke buɗe wa kifi haihuwa. Uwar tarwaɗa za ta yi shekara a tanki cikinta fal da ƙwai ba ta zuba ba, sai an yi mata allura an matse ta da hannu. Abin da allurar ke yi a tanki, shi jan ruwan Yuli ke yi a fadama kyauta.

To a wannan lokaci masunci na shan wuya. Kifin da da yake cunkushe a gurbi guda ya watsu a fili mai faɗin kilomitoci, cikin ciyawa da gonakin shinkafa. Igiyar ruwa ta yi ƙarfi, tana kwashe kalli, birgi kuma in an jefa sai ya dawo da kara da ganye. Itacen banda ya jiƙe, hanyoyin ƙauyukan bakin ruwa sun yanke. Yawancin masu su a bakin Binuwai manoma ne, don haka da damina sukan rataye koma su ɗauki fartanya. Wannan ne “ruwa ya cika” da ake ji a kasuwa.

Sakayya na zuwa da kaka. Binuwai yakan kai ƙarshen cikarsa wajen Satumba, daga Oktoba ya fara ja da baya. Kifi na jin ruwa na raguwa sai ya juyo, manya a gaba, sabbin haihuwa a baya, duka ta 'yan mashigai ƙalilan da suka haɗa fadama da kogi. Daga Nuwamba har tsakiyar hunturu ne kwale-kwale ke dawowa a cike, matan masunta su kwana gaban wuta suna banda: a yanka tarwaɗa gunduwa-gunduwa ko a lanƙwasa ta a soke wutsiya a baki, a jera kan waya, a rufe da tsohon kwano ko tabarma, a yi ta juyawa har ta bushe ƙayau. Abin da bai samu komawa kogi ba sai ya maƙale a tafkuna, ruwa na ƙafewa yana matsuwa. Gaiwa ce kaɗai ba ta damu ba. Takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, ta yi barci tana shaƙar iska ta ɗan rami har wata damina.

A kan waɗannan tafkunan rani aka gina bukukuwan su. Na Njuwa da Bwatiye suka saba yi a wajen Yola, da na Yinagu a ƙasar Madagali, da na Argungu a Kebbi wanda ya samu siffarsa ta yanzu tun 1934, duk tsarinsu ɗaya ne: sarkin ruwa ko dattawan gari su hana taɓa ruwan watanni, sai ranar da aka sa a faɗa masa gaba ɗaya. Baƙo yakan ga kiɗa da gora da homa ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne watannin hanin, don su ne suka bar kifi ya yi ƙwai ya girma.

Masana sun zo daga baya sun auna abin da masunta suka daɗe da sani. Robin Welcomme, wanda ya yi aiki da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tattara alƙaluman kogunan Afirka a littafinsa na 1979, ya nuna cewa yawan kamun bana yana bin girman ambaliyar bara da ta bara waccan. In ruwa ya shanye fadama da faɗi ya kuma daɗe, kifi zai yi yawa shekara ɗaya ko biyu gaba. In ya leƙa ya koma, sai a shirya wa tsada.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Tafkin Chadi. Kusan kashi tara cikin goma na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake zuwa, ruwan da ya sauka can Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Tafiyar na da nisa, shi ya sa tafkin ba ya cika sai an shiga hunturu, bayan damina ta ɗauke da daɗewa. A shekarun 1960 da 1970 masu binciken cibiyar ORSTOM ta Faransa sun bi sawun shemani a can. Manya na barin tafki su haura Shari da Logon tafiyar ɗaruruwan kilomita su yi ƙwai. Ambaliya ta kwashi 'ya'yan ta zuba a babbar fadamar arewacin Kamaru da Fulani ke kira yayre. Nan suke girma, sannan daga Nuwamba su gangaro ta kogin Ebeji, wanda ya raba Gamboru da Fotokol, su shiga tafki. Kotoko na bakin Ebeji sun gina rayuwarsu a kan wannan saukowa ta shekara-shekara.

Sai fari ya zo. Tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rabe biyu a 1973, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwansa bai kai 2,000 ba. A shekarun da yayre bai cika ba, babu sabon shemani da ya sauko. Kifayen buɗaɗɗen ruwa masu dogon zango suka ja baya, masu jure fadama da ƙarancin iska suka gaje wurin, wato tarwaɗa da karfasa da bargi. Wanda ya lura cewa bandan Chadi na yau yawancinsa tarwaɗa ce, to tarihin farin nan yake gani a tire.

Kifi na tafiya, masu kama shi ma na bin sa. Sarkawan Kebbi da sauran Hausawa masunta sun daɗe da sanin hanyar Baga da Doron Baga. Jukunawa na hawa da sauka a Binuwai da iyalansu cikin jirgi, su kafa bukkoki a kan yashi da rani, su tashi in ruwa ya zo. Da tafki ya ja baya, masunta daga Najeriya suka yi ta bin bakin ruwa har suka kafa garuruwa irin su Darak, ba tare da sun damu da inda Turawa suka ja layi ba. Maganar ta kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, kuma a Disambar 2003 Najeriya ta miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da talatin a yankin. Rikicin Boko Haram ya ƙara dagula lissafi. Bayan harin Baga na Janairun 2015, an shafe shekaru ana hana su da safarar kifi a sassan tafkin, a Borno da kuma Diffa ta Nijar. Fatake suka canza hanya: wani kifin ya zaga ta Nijar ya faɗo Haɗeja, wani ya biyo ta Kamaru ya shigo ta Mubi, garin da shi kansa ya ɗanɗana mamaya a ƙarshen Oktoban 2014. Kowane zagaye da kowane shingen hanya, a kan kwalin banda ake ɗora kuɗinsa.

Kifin teku fa? Shi ba ambaliya yake jira ba, sanyi da gishiri yake bi. A gaɓar Gana da Kwaddibuwa, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashin teku mai sanyi yakan taso sama ɗauke da sinadaran da suka kwanta a ƙasa. Rana na dukansa sai ƙananan halittu su cika shi, shawa kuma ta taso kusa da gaɓa garke-garke tana ci tana ƙwai. Wannan ne kakar masuntan Elmina da Tema, lokacin da masu jan taru daga bakin yashi, mutum talatin ko arba'in a igiya guda, ke ganin amfanin wahalarsu. In sanyin ya wuce, garken ya nutsa zurfi ya yi nisa, mai jan taru daga tudu ba shi da yadda zai yi. Mai inji ya bi shi, marar inji ya zauna gyaran koma.

A Sanagal da Muritaniya iskar arewa ce ke tayar da ruwan sanyin, kuma wurin tasowarsa na matsawa da watanni. Shawa takan kwana biyu a ruwan Sanagal da Gambiya daga ƙarshen shekara zuwa bazara, in ruwa ya ɗumama ta haura Muritaniya. Masuntan unguwar Get Ndar ta birnin San Luwi na bin ta, kuma kusan kowace shekara sai an zauna teburin lasisi tsakanin ƙasashen biyu, don kifin ya ƙetare iyakar da jirgi ba ya ƙetarewa sai da takarda.

Gaɓar Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 850, ba ta da irin wannan tasowar ruwa mai ƙarfi. Nata kifin na garke shi ne bonga, kuma abin da ke juya shi, abin sha'awa, shi ne ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gadar Jimeta. Da damina, Neja da Binuwai da Kuros Riba na tura ruwan daɗi mai yawa cikin teku, gishirin bakin koguna ya salance, teku ta yi hauka, ƙananan jirage su kasa fita. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, koguna sun ja, gishiri ya dawo, bonga ta matso bakin koguna da gaɓa, sai sansanonin su na Ibeno da Oron da Bakasi su cika da hayaƙin banda. Ashe watannin wadatar masuncin Akwa Ibom da na masuncin Numan kusan ɗaya ne, kuma ruwa guda ne ke kaɗa su. Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta keɓe wa ƙananan masunta mil biyar na teku daga gaɓa, wajen kilomita tara, inda manyan jirage masu jan taru ba su da izinin shiga. Kukan masuntan gaɓa kullum shi ne ana shigowa da dare, a daidai inda ƙananan kifi ke girma.

Titus kuwa, wanda yara a Mubi suka fi sani da shinkafa da miya, bai taɓa iyo a ruwan Najeriya ba. Kifin arewacin Atlantika ne, yana ƙwai a yammacin Ailan da Birtaniya da bazara, ya haura ruwan Norwe neman abinci. Wajen 2007 garkensa ya fara kutsawa ruwan Aislan da yawa, ƙasar ta ce tunda a gidanta yake kiwo ita ma tana da rabo, rigima ta tashi tsakaninta da Norwe da Tarayyar Turai. Shekara da shekaru ke nan ba su daidaita a kan rabo guda ba, kowa na yanka wa kansa, jimillar kamun na wuce abin da masana suka ba da shawara. In aka haɗa wannan da faɗuwar naira da kuɗin dizal na motar sanyi da za ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu daga Legas, an gane dalilin da titus ya tashi daga abincin talaka. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta saba bayarwa na cewa ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba.

Shawa ma ta samu mai ƙwace ta. Masana'antun garin kifi sun yi yawa a Nuwadibu ta Muritaniya da wasu garuruwan Sanagal da Gambiya, inda ake niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi a fitar da kilo ɗaya na gari, a kai Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Rahoton da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce fiye da tan rabin miliyan ake kwashewa haka duk shekara, abin da zai ishi mutum miliyan 33. Garke mai tafiya yana da wannan rauni: wanda ya tare shi a zango guda ya cuci duk masu jiransa a sauran zangunan.

Wannan magana ita ce ta dawo da mu gida, don a kogi tare hanya ya fi sauƙi. An kammala madatsar Lagdo a 1982, kimanin kilomita 50 sama da Garwa, ta tara tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 600. Ba a musun amfaninta: ta ba arewacin Kamaru lantarki, ta kuma haifar da sabon wurin su da ya jawo Musgum da Kotoko da Hausawa, kuma karfasar da ake ci a Mubi da yawa daga can take. Amma a ƙasan bangon labari ya sauya. A shekarar da ruwa ya zo daidai, madatsar na riƙe ambaliyar da fadamu ke jira, har gonakin muskuwari na yankin Garwa suka ragu. A shekarar da ya yi yawa kuma, sai a saki ruwa a ƙarshen damina ya haɗu da na sauran koguna, kamar 2012 da hukumar agajin gaggawa ta ƙirga mutum 363 da suka rasu a faɗin ƙasa, da 2022 da adadin ya haura 600. Kifi na buƙatar ruwan da ke hawa sannu a kan kari, ya zauna, ya sauka sannu. Wanda ya zo a makare ya wuce a guje, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Haka Kiri da Dadin Kowa suka yi wa Gongola, haka Tiga da Challawa suka yi wa fadamun Haɗeja da Nguru, haka Bakolori ta yi wa na Sakkwato.

Duk sanda ambaliya ta yi ɓarna, sai a tayar da maganar madatsar Dasin Hausa da aka tsara a ƙaramar hukumar Fufore tun zamanin gina Lagdo, ba a kuwa gina ba. Masu kiran a gina ta suna da hujja, domin wanda ruwa ya ci gidansa a Numan ko Demsa ba za a ce masa ya yi haƙuri saboda tarwaɗa ba. Abin da ke damun mai wannan sharhi shi ne, a duk muhawarar da wuya a ji an ambaci kifi. In aka gina bango na biyu a kan Binuwai da niyyar kashe ambaliya ɗungurungum, tafkuna irin su Geriyo da Njuwa da fadamun da ke tsakanin Yola da Numan za su rasa abin da ke cika su, kuma asarar ba za ta fito a takardar kwangila ba, sai dai a kasuwa.

Akwai darasi a kusa, ba sai an je Turai ba. A 1979 Kamaru ta gina madatsar Maga da ganuwa a gefen Logon domin noman shinkafa, ta yanke ruwa daga babban sashe na yayre. Kifi ya ragu, ciyawar rani ta mutu, masunta da makiyaya suka watse. A 1994, ƙarƙashin shirin Waza-Logon, aka fasa ganuwar a mashigin Ƙaramin Goroma aka bar ruwa ya koma. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka dawo. Madatsa na iya sakin ruwa da gangan a watan da kifi ke ƙwai, in dai an sa hakan cikin tsarinta tun farko kuma akwai mai tsaya wa masunta a inda ake yanke shawara.

Ba kuma za a wanke masunta tas ba. Dumba, wato jerin gura da ake gicciyawa daga wannan gaɓa zuwa waccan a mashigin fadama, ba ta barin komai ya wuce. Gidan sauron da aka raba don zazzaɓin cizon sauro ya koma taru a wurare da dama, yana kwaso 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, a shanya su a sayar da mudu. Akwai masu zuba gamalin a gurbi, su kashe babba da ƙarami, su kuma sayar wa mutane guba. Talauci ne ke kai mutum ga haka, gaskiya ne, kuma wanda rikici ya raba da gonarsa ya faɗa ruwa neman abin kai wa baki ba zai ji wa'azin baɗi ba. Sai dai mudun 'ya'yan karfasa na Oktoba buhuna ne na Maris aka cinye tun ba su zo ba.

Doka ba ta rasa ba. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta ba hukuma ikon rufe ruwa na wani lokaci, ta kuma ce a kula kada gine-ginen da ke tare ruwa su hana kifi wucewa. Maƙwabta sun gwada aiki da irinta: a Lagdo ana rufe su daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, Gana kuma ta fara rufe teku ga ƙananan jirage na wata guda a 2019. Ko'ina an sha ƙorafi, don wata guda ba kamu yunwa ce a gidan da ba ajiya. Amma a Binuwai watannin da ya kamata a rufe su ne dama waɗanda kamu ya fi ƙaranci kuma masunta ke gona, saboda haka abin da za a rasa kaɗan ne.

Jihar Adamawa na da abin da ake buƙata. Akwai sashen nazarin kifi a jami'ar jiha da ke nan Mubi, wanda zai iya sa ɗalibai su riƙa rubuta irin kifin da ke sauka Geriyo da Kiri da kasuwar Mubi wata-wata. Akwai sarakunan ruwa da har yanzu ana jin maganarsu a bakin kogi fiye da ta ma'aikacin gwamnati. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta zauna da su ta ayyana watannin hani daga Yuli zuwa Satumba, a wajabta barin ƙofa a kowace dumba, sannan wakilan jihar su nemi a rubuta sakin ruwan damina cikin duk wata yarjejeniya da za a yi kan Lagdo ko Dasin Hausa. Mai karatu kuma da ke cefane yana da nasa: in aka miƙo masa mudun 'ya'yan kifi da kaka, ya bar shi a tire ya sayi babba ko da guda ɗaya ne.